Malam Sammani Mai Landiroba

Jawabin da Malam Iliyasu Datti, malamin dabbobi, ya yi a taron addu'ar arba'in ta marigayi Malam Sammani Maharazu, a ƙofar gidansa da ke Rimin Dalhatu ta ƙasar Bunkure, cikin watan Oktoba na 1987.

Ina farawa da sunan Allah, Mai rayawa, Mai kashewa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu da iyalan gidansa da sahabbansa.

Ranka ya daɗe wakilin Hakimi. Allah ya ja zamanin Dagaci. Allah ya gafarta Malam Liman da sauran malamanmu. Masu unguwanni, Sarkin Noma da shugabannin ƙungiyar manoman rani, Ardo Jaji da jama'arsa da suka tako tun daga ƙetaren kogi, baƙinmu na Kura da Bunkure da Garun Malam. Iya, mahaifiyar marigayi, da maiɗakinsa Malama Saude, da sauran iyayenmu mata da ke cikin gida suna jin mu ta lasifika. Hammadu ƙaninsa, da 'ya'yansa Asta da ƙannenta. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Da Dagaci ya aiko mini cewa ni zan yi magana da yawun gari, na ce akwai waɗanda suka girme ni, akwai kuma waɗanda suka fi ni kusanci da marigayi. Aka ce ai babu wanda ya kai ni zama a kujerar gefensa cikin mota. Wannan kam gaskiya ne, shi ya sa na tashi.

Malam Sammani ba direba ba ne, ba kuma bakanike ba ne. Manomi ne ɗan manomi. Ya kasance mai alkama da tumatir a bakin kanal, hanyar ruwan noman rani, kamar kowa a nan. Lokacin da kamfanin da ya haƙa mana hanyoyin ruwa ya gama aikinsa ya yi gwanjon kayansa, sai muka ga Sammani ya shigo gari da wata tsohuwar Landiroba, gilashinta ɗaya a tsage, ƙofar baya a ɗaure da waya. Dattawa suka ce ya sayo wa kansa wahala. Ba a daɗe ba kuwa maganarsu ta so ta tabbata. Wata safiya ya loda tumatir zai kai bakin titin Zariya, mota ta ce ba ta san zance ba. Aka aika Kura neman bakanike, aka tarar ya tafi ƙauye wani aikin. Kafin ya zo, tumatir ya zama ruwa a cikin kwanduna. Abin da ya hana ta tashi kuwa, datti ne ya taru a wata 'yar kwalba da ke ƙarƙashin famfon mai. Bakanike ya kwance ta, ya wanke, ya mayar, mota ta tashi.

Wannan bakaniken shi ne Malam Dattijo, ga shi can zaune kusa da Sarkin Noma. Shi ya ba ni labarin abin da ya biyo baya. Ya ce bayan an cire amfanin rani sai ga Sammani a garejinsa, magidanci mai furfura a gemu, ya tuɓe babbar riga ya rataye, ya ce, "Malam Dattijo, na zo ka koya mini motata. Ban zo in ƙwace maka sana'a ba. Abin da mai mota ya kamata ya yi da hannunsa, shi nake so in sani. Wanda ya fi ƙarfina zan kawo maka." Dattijo ya ce masa wankin ƙarafa da kananzir ake fara yi. Ya ce a ba shi kwanon.

Tun daga nan, duk wanda ya biyo ta ƙofar gidan nan da safiyar Asabar ya san abin da zai gani: buhu a shimfiɗe a ƙarƙashin dalbejiyar nan da muke zaune a inuwarta, ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashin mota. Ya kasance ba ya jiran mota ta lalace kafin ya taɓa ta. Zai duba ruwan lagireto, ya zaro sandar baƙin mai ya goge ya sake tsomawa, ya leƙa man birki. Zai bi farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai ƙarfin injin ga tayoyi, da giris, ta gaba da ta baya, ya bi notocin sifirin ɗaya bayan ɗaya yana ƙara ɗaure su, don hanyoyinmu ba sa barin noti ya zauna lafiya. Ruwan batir kuwa, ruwan sama yake tara wa a kwalba tun da damina, ya ce na rijiya yana kashe batir. In motar ta ratsa ruwa mai zurfi, washegari sai ya kwance notin da ke jikin ƙarfen da ke tsakanin tayoyi ya duba man ciki. In ya ga ya yi fari kamar kunu, ya san ruwa ya shiga, ya tsiyaye ya zuba sabo. Malama Saude tana ji na, ta san farantan tangaran nawa ta rasa, don duk notin da ya kwance a faranti yake zubawa kada ya ɓace a ƙasa. Ta gaji ta ware masa nasa.

Ya kasance mai dabara a lokacin da kayan gyara suka yi wuya. Kun tuna shekarun nan da muka shiga, sai mutum ya zaga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano tun safe har la'asar bai samo abin da ya je nema ba. Sammani ya yanki tsohuwar taya ya yi robar sifirin. Ya ɗora kwali a bakin ƙarfe yana bubbugawa da ƙaramar guduma har ya fitar da abin toshe yoyon mai. Amma akwai inda ba ya yin dabara. Na taɓa zuwa neman ya kai ni wani ƙauye, na tarar ya ajiye motar saboda robar birki ɗaya tana tsatsafo. Na ce ai hanyar babu gangare, a hankali za mu tafi. Ya ce, "Malam Iliyasu, yara suna wasa a bakin kanal. In ban samo robar nan ba, motar nan ba ta motsawa." Ranar a keke na tafi, ina ta mita. Yau ina ba da labarin da alfahari.

Ya kasance motarsa ba tasa ba ce shi kaɗai. Da damina, in hanya ta yanke, babu wata mota da ke shigowa garin nan sai ita, don ita ce tayoyinta huɗu ke ja. Mata nawa ta kai asibiti suna kan gwiwa? Akwai yaran da ke yawo a wurin nan yanzu waɗanda ba don Allah ya sa motar nan ta tashi a bugu ɗaya ba, da wani labarin ake yi. Kuma ba sa'a ce ke tayar da ita ba. Safiyar Asabar ce ke tayar da ita.

Yanzu zan zo kan shekarar bushiya, annobar shanun nan ta 1983. Kafin in tashi na nemi izinin Ardo Jaji in faɗi abin da zan faɗa, ya ce in faɗa duka, kada in rage.

Shekarar da ta gabaci wannan, shanun Ardo sun fasa gefen kanal sun shiga alkamar Sammani tana cikin fitar da kai, suka yi mata kaca-kaca. Magana ta je gaban Dagaci, aka sasanta, amma zukata ba su sasanta ba. Ko a kasuwar Bunkure suka haɗu, kowa kau da kai yake yi.

Sai bushiya ta shigo. Waɗanda suka gani ba sa son tunawa. Saniya ta kwana lafiya, ta tashi ido na hawaye, baki ya yi gyambo, zawo ya kama ta, shi ke nan. Garke guda sai ya ƙare, mai shi yana tsaye da sanda a hannu. Allurar rigakafi ta iso hannuna a cikin akwatin ƙanƙara, kuma maganin nan in ya ji zafi ya mutu, ko an yi wa dabba allurar, ruwa kawai aka yi mata. Motar ofishinmu tana kan duwatsu babu taya. Rugagen da cutar ba ta gama da su ba suna ƙetaren kogi, kuma ta farko a hanya ita ce ta Ardo Jaji.

Na zo ƙofar gidan nan da hantsi, na tarar Sammani ya gama loda tumatir. Na faɗa masa abin da ke tafe da ni. Sai ya juya ya ce, "Hammadu, a sauke kwandunan nan. Ka nemi masu jakuna." Wani da ke tsaye a wurin ya ce, "Haba Malam Sammani, shanun da suka cinye maka alkama za ka bar tumatirinka ka je ceto?" Ya ce, "Saniya ba ta san alkamar wa ta ci ba. Ni da Ardo muna da magana, amma ba yau ba."

Ni duk na ƙagu mu tafi, shi kuwa sai ya buɗe gaban mota ya shiga dube-dube, ya durƙusa ya leƙa ƙasa. Na ce, "Ƙanƙara fa tana narkewa." Ya ce, "In ban duba ta a nan ba, a tsakiyar daji za ta sa ni in duba ta." Ya ɗauko akwatin sifanunsa da famfon iska da shebur ya jefa a baya.

Mun ratsa ruwan kogi lafiya, mun shiga yashi, ya sa ƙaramar giya tana tafiya tana gurnani. Muna fara hawan gaɓar can sai muka ji ƙas! daga baya. Tayoyin baya suka daina ja, na gaba suka shiga tonon rami. Nan take ya kashe injin. Ya ce shaf ne ya karye, wato sandar ƙarfen da ke juya tayar baya. Ba irin abin da ake gani daga waje ba ne, a ciki yake tsufa. Rana ta take tsaka, babu ko bishiya. Na buɗe akwatin na ga ƙanƙarar ta fara iyo a ruwa. Jama'a, ranar na zauna a kan yashi na dafe kai.

Sammani bai zauna ba. Ya miƙo mini shebur ya ce in haƙa har in tarar da yashi mai laima, in binne akwatin a ciki a inuwar mota. Shi kuma ya kwance notocin tsakiyar tayoyin baya, ya zaro sandunan biyu, lafiyayyar da karyayyar, ya mayar da murafen ya ɗaure don kada yashi ya shiga. Sannan ya shiga ƙarƙashi zai cire farfelar baya, ya ce in ya bar ta, guntun da ya rage a ciki zai niƙe haƙoran ƙarfe. Na ce to da me za mu tafi? Ya ce, "Da ƙafafun gaba. Gurguwa ce yau, amma za ta kai mu."

Yana ƙarƙashin motar, yashi na ƙona masa baya, sai ga mutane sun gangaro daga ruga, don sun hango mu. Ardo ne a gaba. Suka yi sallama a hankali, ni kaɗai na amsa, Sammani bai ji ba. Can sai ya miƙo hannu daga ƙasa ya ce, "Ba ni sifana." Ardo ya durƙusa, ya ɗauki ɗaya ya sa masa a hannu. Sammani ya gwada ta ba ta shiga ba, ya leƙo zai yi mini faɗa, sai suka yi ido biyu.

Ya ce, "Ardo, kai ne?"

Ardo ya ce, "Ni ne. Babba kake so ko ƙarama?"

Ya ce, "Ƙarama."

Iyakar maganar da suka yi ke nan a kan rikicinsu, har Allah ya karɓi ran Sammani.

Da ya gama, ya rage iskar tayoyin gaba don su baje a kan yashi. Matasan ruga suka saro rassa suka jera a gaba, kowa ya sa kafaɗa, har da Ardo da girmansa. Ta yi gaba ta dawo, ta yi gaba ta dawo, sannan ta haye. Na tono akwatina, da sauran ƙanƙara a ciki. Kafin rana ta faɗi mun yi wa duk saniyar da ke tsaye da ƙafarta allura.

Ba zan ce mun ceci kowa ba. Waɗanda suka riga suka kamu sun mutu, kuma Ardo ya yi asara mai yawa. Amma garkensa bai ƙare ba, shanun da kuke gani suna kiwo a ƙetare yau 'ya'yan waɗancan ne. Da tayoyin gaba kaɗai muka ci gaba da zaga rugage har Malam Dattijo ya samo mana wani shaf ɗin a Kano. Kullum muka fita daga yashi sai Sammani ya sauka ya buga wa tayoyi iska da famfon hannu, gumi na zuba, ni ina riƙe da akwati. Tumatirinsa na wannan shekara rabi a gona ya ruɓe. Ban taɓa jin ya ambata ba.

Bayan bushiya ta wuce ya ce mini abu ɗaya ya tsorata shi a yashin nan: da a ce ciwo ya kama shi a ranar, babu wanda zai san notin da zai taɓa. Daga nan ya hana kansa yin aikin Asabar shi kaɗai. Ya jawo Hammadu. Ardo kuma ya turo babban ɗansa Ibrahimu, magidanci da iyalinsa. Sammani ya koma zama a kan turmi yana nuni da kara, su suna ƙarƙashi. Ya kasance malami mai tsanani, wannan ba za mu ɓoye ba. Hammadu ya sha zuwa wurina yana cewa Yaya ya sa shi ya kwance abin da ya ɗaura don kawai ya manta wanke shi. Amma bai taɓa ƙwace sifana daga hannunsu ba. Sai dai ya ce, "Sake."

A cikin watan Agustan da ya wuce ciwon ciki ya kwantar da shi. Ranar da abin ya tsananta an kwana ana ruwa. Da gari ya waye muka shimfiɗa masa katifa a bayan motarsa, Hammadu ya karɓi tuƙi, ni ina riƙe da kansa. Mun zo mashigin nan na kusa da babban kanal, ruwa ya cika shi, muna tsakiya injin ya yi tari ya mutu. Hammadu ya dira cikin ruwa har gwiwa ya buɗe gaban mota. Sammani idonsa a rufe, na zaci ba ya cikin hayyacinsa. Sai na ji ya ce, "Malam Iliyasu, me ya fara taɓawa?" Na leƙa na ce, "Wayoyin fulogi. Ya cire hularsa yana goge su, ya buɗe murfin da suke haɗuwa yana tsane shi." Ya ce, "To, ƙyale shi." Hammadu ya dawo ya murɗa makulli, ta tashi. Na ga Sammani ya yi murmushi.

Mun kai shi asibiti a Kano, likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, amma wa'adi ya cika. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Hammadu, ka ji da kunnenka yau abin da ba ka ji ba a ranar, don kanka yana cikin injin. Yayanka ya yarda da hannunka. Kada ka ƙara cewa da ka fi sauri da ya rayu. Ka kai shi, kuma ya san kai ka kai shi.

Malama Saude, ke da 'ya'yanki, ba za mu ce mun san zafin da kuke ji ba. Amma ku sani gonarsa ta bakin kanal ba za ta kwana ba a bana. Sarkin Noma ya riga ya sa ranar gayya, za a yi kaftu a zuba alkama kafin kowa ya taɓa tasa. Asta, ke ce babba, ki riƙe ƙannenki, makarantarku ba za ta tsaya ba muddin muna numfashi.

Magada sun zauna a gaban Malam Liman, kuma sun ba ni izinin in sanar: motar tana nan mallakarsu, ba za a sayar ba, za ta ci gaba da aikin da take yi wa gari. Sun yi nasu. Saura mu. Sifirin baya na hagu ya tsage, dole a sauya shi kafin tumatir ya nuna. Hammadu da Ibrahimu sun ce za su yi, Malam Dattijo ya ce zai zo ya tsaya a kansu. Amma mutum biyu ba su isa ba. Muna son ƙarin magidanta su zo su koya, daga cikin gari da kuma ruga, wanda ba ya ƙyamar baƙin mai a farcensa. Mashigin nan kuma da ya tsayar da mu, ba za mu jira kowa ba. Muna da jakuna, muna da amalanke, dutse da marmara suna nan a tudu. Ranka ya daɗe wakilin Hakimi, in an taimaka mana da kwalbati mun gode. In ba a samu ba, za mu cike shi da hannunmu kafin wata damina. Mun faɗa a gaban jama'a don a tuhume mu in ba mu yi ba.

Abu na ƙarshe. Tun da aka yi rasuwar nan, in Hammadu ya dawo daga wani aike, a bakin masallaci yake kashe motar, a turo ta da hannu zuwa bayan gida. Ba wanda ya sa shi. Gudun kada Iya ta ji ƙarar ta zaci ɗanta ne ya dawo. Yau da safe na shiga gaishe ta. Kun san ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, yau ma ba ta kira ba. Ta ce mini, "Iliyasu, ku daina turo motar nan kamar gawa. Ina jin ku. Na san inda yake, ni na yi masa addu'a aka fita da shi. Ku shigo da ita da ƙararta, ku ajiye ta inda yake ajiyewa."

Iya, mun ji. Daga yau haka za a yi.

A madadin iyalan marigayi da mutanen Rimin Dalhatu, muna godiya ga duk wanda ya tako, da wanda ya aiko, da matan da suka yini a bakin murhu. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Ya Allah, ga bawanka Sammani ɗan Maharazu ya zo gare ka. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Duk wanda ya ɗauka a hanya, duk dabbar da ta rayu ta dalilinsa, ka sa a mizaninsa. Ka ba Iya haƙuri, ka ba Saude haƙuri, ka raya abin da ya bari. Mu kuma da muka yi alkawari a yau, ka ba mu ƙarfin cika shi, kuma in tamu ta zo ka sa mu cika da imani.

Allah ya gafarta Malam, bisimilla, a shafa mana fatiha.